Daren Farko Bayan Leƙen Hanji: Shawara Ga Mutanen Sabon Birni Da Isa

Idan likita ya gama leƙa babban hanjin mutum da na'ura, abin da aka saba gaya wa majinyaci lokacin sallama bai wuce magana biyu ba: je ka gida ka huta, in ka ga wata matsala ka dawo. Shawara ce mai kyau, kuma ta wadatar ga mazaunin Mabera ko Arkilla ko Runjin Sambo, wanda ko da tsakar dare ciwo ya taso masa, maƙwabci zai kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kafin ruwan shayi ya tafasa. Amma wannan “ka dawo” tana da wani nauyi dabam a kunnen mutumin Gatawa ko Tsamaye ko Unguwar Lalle, ko wanda ya fito daga Bafarawa ko Turba ko Kamarawa. Tsakanin Sabon Birni da birnin Sakkwato akwai tafiyar da ta haura kilomita 150, a kan hanyar da direbobi ba sa son la'asar ta yi musu sakaliya a kanta, balle dare.

Ra'ayina a kan wannan gajere ne. Mutumin gabashin Sakkwato da aka yi wa wannan gwaji kada ya kama hanyar gida a ranar. Ya kwana a cikin birni, kusa da asibitin da aka yi masa aikin. Idan kuma an cire masa wani tsiro daga hanjin, kwana ɗaya ma ba lallai ya isa ba. Sannan duk shirin jinyar da za a yi a gida, tun kafin a shiga mota zuwa Sakkwato ya kamata a gama shi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Na san maganar tana da tsada ga aljihun talaka, zan kuma zo kan wannan.

Ga wanda bai san gwajin ba, likitoci na kiransa kolonoskofi. Wani siririn bututu ne mai lanƙwasa, kaurinsa kamar na yatsa, da fitila da kyamara a bakinsa, ake zurawa ta dubura a bi babban hanji, wanda tsawonsa ya kai wajen mita ɗaya da rabi, ana kallon cikinsa a allo. Yawanci aikin ba ya wuce minti 30 zuwa awa ɗaya. Akan tura mutum yin sa idan yana kashin jini da ya ƙi tsayawa, ko zawo da ya daɗe, ko ƙarancin jini da ramar da aka rasa sanadinsu, ko kuma yanayin bayan gidansa ya sauya haka kawai. Tun 1969 wasu likitoci biyu a Amurka, William Wolff da Hiromi Shinya, suka nuna cewa ana iya bin hanjin gaba ɗaya da irin wannan na'ura, har a zarge ƙaramin tsiro da waya a yanke shi ba tare da an farke ciki ba. Amfanin hakan babba ne, domin yawancin sankarar hanji daga irin waɗannan ƙananan tsiro take farawa, ta ɗauki shekaru tana girma a ɓoye. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya nuna sababbin masu wannan cuta sun haura miliyan 1.9 a shekarar, ta kuma kashe fiye da mutum 900,000. A asibitocinmu na Najeriya, mafi yawan masu ita sai ta yi nisa suke zuwa. Saboda haka kada wani ya ɗauki abin da zan faɗa ya mai da shi hujjar gudun gwajin. Haɗarin barin kashin jini ba bincike ya fi haɗarin na'urar nesa ba kusa ba.

Sai dai a dubi halin da mutum yake fitowa daga ɗakin. Ya wuni bai ci abinci mai nauyi ba, ya sha maganin wankin ciki mai ƙarfi da ya sa shi zaryar ban-ɗaki har sai da abin da ke fita ya koma ruwa zalla. Ruwan jikinsa da gishirinsa sun ragu, kuma idan a watan Afrilu ne ko Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40, ragin ya fi tsanani. An hura masa iska a hanji domin likita ya ga bangon sosai, ga cikinsa a kumbure. Galibi kuma an yi masa allurar kwantar da jiki da ta kashe zafi, waɗanda ke saura a jini bayan ya buɗe ido yana gaisawa da mutane kamar lafiyarsa ƙalau. Shi ya sa ƙa'idar da asibitoci ke bi ita ce awa 24: ba tuƙa mota, ba tuƙa babur, ba taɓa injin niƙa ko na ban-ruwa, ba sa hannu a takarda ko ƙulla ciniki. Wannan mutumin ne za a cusa a motar da ta ɗauki fasinja fiye da ƙima, a yi awanni ana faɗawa ramuka da shi, in an sauka a tasha kuma a ɗora shi a bayan babur zuwa ƙauye. Wanda jiri ke ɗiba, faɗowa daga babur kaɗai ta ishe shi musiba.

Akwai wani hali na allurar nan da iyalai ba su cika sani ba. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi amfani da su, midazolam, tana shafe tunanin abin da ya faru a ɗan lokacin da take aiki. Likita zai tsaya ya yi bayani, majinyaci ya gyaɗa kai ya yi godiya, washegari a tambaye shi me aka ce, ya rantse shi bai ma ga likita ba. Don haka aikin ɗan rakiya ya wuce riƙe jaka da takalmi, shi ne kunnen majinyaci a ranar. Ya tsaya a yi bayanin a gabansa, da Hausa, ya kuma yi tambayar da komai ya rataya a kanta: “Likita, kallo kawai aka yi, ko an ɗan tsinci tsoka don gwaji, ko an cire wani abu? In an cire, yaya girmansa?” Ya karɓi amsar a rubuce, ya ɗauki hoton takardar da waya, domin takarda tana ɓata tana kuma jiƙewa. Idan likita ya amince, a naɗi muryarsa yana bayanin, a je gida a sake saurare.

Dalilin wannan tambaya shi ne, matsaloli biyun da ake tsoro bayan gwajin, wato ɓulewar hanji da zubar jini, sun fi bin wanda aka yi wa yanka a ciki. Dukansu ba kasafai suke faruwa ba. Ɓulewa ba ta kai mutum 1 cikin 1,000 ba. Zubar jini mai buƙatar kulawa bayan cire tsiro tana samun wajen mutum 1 cikin 100, ta fi haka idan tsiron babba ne, ta kuma yi ƙasa ƙwarai idan kallo kawai aka yi ko aka ɗan tsinci tsoka. Abin lura shi ne lokacin da suke bayyana. Ɓulewa takan nuna kanta cikin awannin farko zuwa kwana ɗaya ko biyu. Jini kuwa yana iya yin kwanton ɓauna: wurin da aka ƙona aka yanke yakan yi ɓawo kamar kowane gyambo, ranar da ɓawon ya ɓalle sai jijiya ta buɗe, kuma hakan na iya faruwa har kwana 14 bayan aikin. Akwai kuma wani ciwon ciki da zazzaɓi da ke tasowa cikin kwana biyar na farko idan zafin ƙunar ya ratsa bangon hanji bai ɓula shi ba. Shi ma sai a asibiti ake bambance shi da ɓulewa.

Mutanen yankin nan ba baƙin ɓulewar hanji ba ne, domin zazzaɓin taifot yana yi wa yaranmu ita. Ƙazantar hanji ta malala cikin ciki, ciki ya ƙage, jini ya gurɓace. Wanda aka shiga da shi tiyata a yinin farko da wanda aka kawo bayan kwana biyu ko uku, sakamakonsu ba ɗaya ba ne. Da awanni ake lissafin wannan ciwo.

A Ingila, takardun da asibitoci da dama ke bai wa majinyaci suna gargaɗinsa kada ya yi doguwar tafiya a jirgin sama har mako biyu idan an cire masa tsiro. Abin da suke gudu shi ne jini ya ɓalle wa mutum a inda zai yi awanni bai kai ga likita ba. To mutumin Tozai ko Gebe da ya koma gida, da zarar magariba ta faɗi, a cikin irin wannan jirgin yake zaune har gari ya waye.

Ba sai na yi dogon bayani a kan hanyar ba, masu bin ta sun fi kowa saninta. A watan Disamba na 2021 aka ƙona matafiya a cikin mota kusa da Gidan Bawa. A watan Yuli na 2024 aka tare Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, bai kuma dawo da rai ba, Allah Ya jiƙansa. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Isa da Sabon Birni, aka daɗe mutum ba ya iya kiran ɗan'uwansa. Da damina kuma gulbi yana da nasa hukuncin. Shirin jinyar da ya dogara a kan cewa za a sami mota da ƙarfe biyun dare, ko waya za ta shiga duk lokacin da aka so, a wannan yanki ginin toka ne.

Za a ce mini, kuma da gaskiyar mai faɗa: wanda ya sayar da akuya ko buhun gero ya biya kuɗin mota da na gwaji da na maganin wankin ciki, da me zai biya masauki? Ga gona tana jira, ga iyali an baro cikin fargaba, kowane dare da maigida ya yi a waje dare ne na rashin barci a gida. Amsata ita ce daren farkon nan shi ne mafi arha cikin duk abin da aka kashe. Dama mai hankali ba ya shan maganin wankin ciki ya shiga mota, dole ya kwana a Sakkwato daren jajibirin gwajin. Inda ya kwana jiya, nan zai ƙara kwana yau. Kuma halin da aka shiga a shekarun nan ya sa da wuya a sami Bagobirin da ba shi da ɗan'uwa ko ɗan gari a cikin birni. Zumuncin da ake yi domin biki da suna da ta'aziyya ya fi cancanta a nema domin wannan. A auna nauyin kwana ɗaya a zauren ɗan'uwa da kuɗin shatar mota da tsakar dare, in ma an sami direban da zai yarda, a ɗora kuɗin tiyata da na ledojin jini a kai.

Ga wanda aka cire wa babban tsiro, ko dattijo mai ciwon zuciya ko na ƙoda, ko mai shan maganin tsinka jini, ba ni zan yanka yawan kwanakin ba. Likitan da ya ga wurin da idonsa shi zai yanka. Amma ba zai yanka daidai ba sai an gaya masa gaskiyar inda za a koma. A nan ina da roƙo ga likitocinmu da ma'aikatan jinya: kafin a sallami mutum a tambaye shi ina ne gida, awa nawa ne, ana bin hanyar da dare? “Sakkwato” da aka rubuta a kan kati tana iya nufin Gawon Nama, tana iya nufin bakin iyakar Nijar. Mutanen nesa a sa su a layin safe, a rubuta musu lambar wayar da ake ɗauka, wanda kuma aka yi wa babban yanka a duba yiwuwar ba shi gado na dare ɗaya. Tambayar ba ta cin minti ɗaya.

To, an kwana, gari ya waye lafiya, an dawo gida. Abin da ya fi damun majinyaci a farko shi ne iskar da aka hura masa, maganinta kuma a bar ta ta fita. Tattaki a tsakar gida yana taimakawa, haka ruwan ɗumi da kwanciya a gefen hagu. Matsalar ita ce kunya. Dattijo zai zauna a zaure cikin masu zuwa dubiya yana danne iska har gumi ya karyo masa, ko yana tattalin alwalarsa. A rage masa baƙi a ranar farko, a bar shi a ɗaki shi kaɗai. Alwala dai ana sake ta. Ciwon iska yana zuwa yana tafiya, yana kuma sauƙi duk lokacin da ta fita. Haka nan idan ya yi kwana biyu ko uku bai yi bayan gida ba, kada a tada hankali, hanjin ne aka wanke tas, sai ya sake tarawa. Kada wata gwaggo ta kawo jiƙon filasko ko kanwa da sunan buɗe ciki.

Ruwa ya fi abinci muhimmanci a kwana biyun farko. Ruwan gishiri da sukarin nan da muke bai wa yara masu gudawa, shi ne dai babba yake bukata: fakiti ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In babu fakitin, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Fitsari shi ne ma'auni, idan yana zuwa yana kuma haske, ruwa ya wadata. Mai ciwon zuciya ko ƙoda ko sukari ya tambayi iyakar abin da zai sha tun a asibiti. Abinci a fara da mai laushi: koko, kunu, shinkafa da ta dahu lugub, tuwo da miyar kuka ko kuɓewa ba yaji da yawa. Fura kuwa, ko hura kamar yadda bakin Gobir ke faɗa, ba mai raba Bagobiri da ita, ni ma ba zan gwada ba. A dai dama ta da tafasasshen ruwan da ya huce da nono mai tsabta, domin hanjin da aka wanke jiya bai kamata a haɗa shi da zawo yau ba. Wake da dambun zogale da tsire da lemon kwalba su jira kwana ɗaya ko biyu. Mafi yawan mutane daga nan sai su koma cimarsu ta kullum.

Kemis ya fi tukunya haɗari. Diklofenak da ibufurofen da asfirin, da haɗe-haɗen ƙwayoyin ciwon jiki da ake ƙulla wa manoma a leda, suna rage wa jini ƙarfin daskarewa, suna kuma dukan ƙodar da ruwa ya yi wa ƙaranci. Tiramol kuma yana lulluɓe ciwon da ya kamata ya tashe mu tsaye. Idan ana bukatar maganin zafi, farasitamol ya isa, ciwon da kuma farasitamol ya kasa to likita yake nema. Wanda dama likita ya ɗora a kan asfirin ko warfarin ko makamantansu saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, kada ya bari da kansa, kada kuma ya koma sha da kansa. A rubuto masa ranar komawa a takardar sallama. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan ƙwaya alhali bai koma cin abinci sosai ba, sukarinsa na iya faɗuwa, alamarsa rawar jiki da gumi da ruɗewa. Mai hawan jini da ke shan maganin sa fitsari shi ma ya tambaya yaushe zai ci gaba.

Batun aiki a taƙaice: wanda aka kalla kawai, bayan awa 24 ya koma harkarsa. Wanda aka cire wa tsiro ya bar ɗaukar buhu da noma da jan guga na wajen mako ɗaya, ko yadda likita ya ce. Ina jaddada wannan saboda iyayenmu mata, waɗanda za su sauka daga mota su ajiye mayafi su ɗauki taɓarya. Azumi ma, na farilla ko na nafila, ba a tashi da shi washegarin wankin ciki, addini ya yi wa mara lafiya rangwame.

Yanzu sai babbar maganar. A ganina babu kalmar da ta ɓoye cututtuka a ƙasar Hausa kamar “basur”. Duk jinin da ya fito ta dubura basur ne, duk kumburin ciki basur ne, ga mai lasifika a kasuwa yana tabbatar wa kowa da haka da kwalbarsa a hannu. Da yawa daga cikin waɗanda aka tura leƙen hanji sun yi shekara da shekaru suna shan maganin basur kafin su yarda su je. Idan irin wannan mutum ya ga jini kwana shida bayan gwajin, abin da zai fara zuwa bakinsa da bakin iyalinsa shi ne, basur ɗinsa ne ya motsa. A cikin mako biyun nan a ajiye wannan kalma. Ɗan ɗigo ko ɗan zanen jini a bayan gida na farko ko na biyu abu ne da ake tsammani. Jinin da ke zuba, ko gudaji, ko wanda ya zo ya sake zuwa ya ƙara zuwa, ko kaɗan ne amma da jiri in an miƙe, da bugun zuciya da sauri, da fari a tafin hannu da cikin ido, da sanyin gaɓoɓi, wannan na asibiti ne a take.

Amma wa zai gani? Takardun asibiti suna cewa a duba bayan gida, sun manta cewa mafi yawan gidajenmu masai ne, abin da ya faɗa ya tafi, ba mai sanin launinsa ko yawansa, balle da dare. Shawarata ita ce wanda aka cire wa tsiro ya riƙa amfani da fo ko wata tsohuwar roba na tsawon kwanakin nan, a haska da tocila a duba kafin a zubar. Abin ƙyama ne, na sani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sannan wa zai tambaya? Matar ɗa ba za ta dubi surukinta ta ce “Baba, yau ka ga jini?” ba. Ɗan fari ba zai yi wannan magana da mahaifiyarsa ba. Idan aka bar jinya a hannun wanda kunya ta ɗaure wa baki, za a yi ta kai abinci ana cewa “sannu, ya jiki?” ana amsawa “da sauƙi” har mutum ya sume. A zaɓi wanda zai iya: mata ga mijinta, miji ga matarsa, ƙanwa ga yayarta, ko jikan da ya yi hankali, tunda akwai wasa tsakaninsa da kaka. Idan majinyaciyar mace ce, maigida kuma ya tafi cin rani ko fatauci, ya bar izinin fita da kuɗin mota a hannu tun kafin ya tafi, kada a kwana ana neman layinsa.

Zazzaɓi ma yana da nasa tarkon. A yankin da kowane zafin jiki sunansa maleriya ko taifot, abu ne mai sauƙi a kira mai kemis ya yi allura uku a jira. Zazzaɓi ko rawar ɗari a cikin kwanakin nan, musamman tare da ciwon ciki, a ɗauke shi na hanji ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. Ko gwajin maleriya ya nuna akwai, hakan bai wanke hanjin ba, domin da damina mutane da yawa suna yawo da ƙwayar cutar a jini. Haka ciwon cikin da ke ƙaruwa awa bayan awa, ko ciki ya ƙage kamar katako ba ya son a taɓa, ko amai da ya ƙi tsayawa, ko kumburi ba iska ba bayan gida, ko ciwo a kafaɗa da ba a san mafarinsa ba.

Tunda hanyarmu da rana take aiki, lissafinmu ma da rana ya kamata ya kasance. Mai jinya ya riƙa yin binciken nan sau biyu, da hantsi da kuma azahar: ciki, jini, zafin jiki, fitsari, jiri. Alamar da ta bayyana da azahar kada a ce bari a ga yadda za ta kwana, domin daga la'asar zaɓi ya fara fita daga hannu. Gara a je a ce ba komai, a yi asarar kuɗin mota. Idan kuwa da dare abin ya zo, kada a ba shi abinci ko jiƙo ko ƙwaya, domin wataƙila tiyata ce a gabansa. A kwantar da shi, in jiri ne a ɗaga ƙafafunsa, a kira lambar da aka bayar, a nufi asibiti mafi kusa da ke da likita da zarar an sami halin fita: Babban Asibitin Isa, ko na Sabon Birni, ko na Shinkafi ga wanda ya fi kusa da can. A nan za a iya sa masa ruwa, a auna jininsa, a shirya tura shi gaba. Ga wasu ƙauyukan bakin iyaka Maraɗi ta fi Sakkwato kusa, wannan ma a tattauna shi tun ana lafiya. Ko'ina aka je, kalmar farko ita ce: an yi masa leƙen hanji rana kaza, ga takardar. A kuma san da 'yan'uwa biyu masu ƙoshin lafiya da za su iya ba da jini, tunda a asibitocinmu galibi dangi ake nema su bayar.

Saura sakamako. Tsokar da aka tsinta ko tsiron da aka cire ana aika shi ɗakin bincike, amsar kuma takan ɗauki mako ɗaya zuwa 'yan makonni. A nan mutanen nesa suka fi zubewa: jiki ya yi sauƙi, hanya ba daɗi, kuɗi sun ƙare, sai takarda ta zauna a asibiti ba mai karɓa, alhali dominta aka sha duk wahalar. Kafin a bar Sakkwato a san ranar fitowarta da ofishin da za a karɓa, a wakilta ɗan'uwan da aka sauka a gidansa ya karɓo, ya kai wa likitan da ya yi aikin ya fassara, sannan ya turo hoton da bayanin ta WhatsApp. Idan an ce majinyaci ya zo da kansa, ya zo, ko da ranar kasuwa ce. Wasu nau'o'in tsiro suna bukatar a sake leƙawa bayan 'yan shekaru, a rubuta shekarar a inda ba za ta ɓata ba. Idan kuma sakamakon ya nuna sankara, ko irin tsiron da ke rikiɗa ya zama ita, 'yan'uwan majinyaci na ciki ɗaya da 'ya'yansa suna da haƙƙin a gaya musu, domin haɗarinsu ya fi na sauran mutane, kuma likita na iya cewa su ma su zo a duba su tun ba su fara ganin jini ba.